Juma'a Uku a Cikin Kwalbar Mai

Akwai maganar da nake ji a bakinku tun shekarar da Gwaggonku Habsu ta rasu, kuma na gaji da jin ta. Kukan ce taurin kan Baffanku Lawali ne ya hana shi zuwa Tirmini ya nemi gafarar yayarsa har ƙasa ta rufe mata ido. 'Yar'uwarku Rabi ma ta faɗa a gabana ranar sunan ɗanta, cikin raha ta faɗa, mata suka yi dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai ina jan carbi kamar ban ji ba. Baffanku yana da taurin kai, wannan ba na musu, duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya nemi ragi ya sani. Amma a wannan magana ba shi da laifi. Ni ne na tsayar da shi, kuma da abin da bai fi kamu ɗaya tsawo ba na tsayar da shi. Tunda yanzu ba ya nan balle ya hana ni faɗa, bari in rubuta muku yadda aka yi.

Mu uku ne a ɗakin mahaifiyarmu. Yaya Habsu ce babba, sai Yaya Lawali, sai ni auta. Inna ta rasu ina rarrafe, don haka ban san wata uwa ba sai Habsu. Ita ta goya ni, ita ta yi wa Lawali dukan da ya hana shi lalacewa, kuma ko bayan an kai ta gidan Malam Idi a can cikin Tirmini, tuwonta muke ci. Da muka tasa muka shigo Damagaram neman na kanmu. Ni na faɗa garejin gwamnati na koyi kanikanci, a can na tsufa. Lawali ya bi mota, ya yi ta tuƙa ta mutane har Allah ya ba shi tasa, kat-san-kat fara, irin doguwar nan ta Faransa mai kujeru layi uku. Kun san ta, ita ce kuka tashi kuna ɓuya a cikinta a gindin dogon yaro, amma ba ku san ta lokacin da take mota ba. Ranar da ya fara shiga Tirmini da ita Habsu ta rangaɗa guɗa, ta zagaya ta tana shafawa, ta ce yau ita ma ta zama yayar mai mota.

Abin da ya raba su a lokacin kaka ya faru, motar ba ta daɗe a hannunsa ba. Maciji ya sari Malam Idi a gona yana ɗaure dami. Aka yi na gida bai yi ba, ƙafa ta kumbura har cinya. Habsu ta tura mutum a kan keke ya zo ya gaya wa Lawali ya kawo mota a kai mijinta likita. Ɗan aiken ya same shi a tasha ya riga ya cika mota da 'yan kasuwar Kano da kayansu, za shi bakin iyaka. Lawali ya dubi mutanen, ya dubi rana, ya ce a gaya wa Yaya zai sauke su ya juyo, kafin la'asar yana ƙofarta. A hanya taya ta fashe, aka kuma tsare su a shinge, bai dawo ba sai washegari. Su kuwa da suka gaji da jira sai suka ɗora Malam Idi a amalanke, ya cika kafin su hango duwatsun Damagaram. Ya bar ta da ɗa ɗaya namiji, Sale, lokacin ko kaciya ba a yi masa ba.

Habsu ba ta zagi Lawali ba, da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Da ya je gaisuwa ta amsa masa kamar yadda ta amsa wa kowa. Magana ɗaya ta yi masa, a gabana, ranar sadakar bakwai.

"Lawali, na kira motarka ba ta zo ba. Kada ka ƙara tsayar da ita a ƙofata."

Shekara talatin da wani abu suka yi a haka. In sun haɗu a suna ko makoki za su gaisa, ba wanda zai ce ba sa magana, amma ba ta sake cin abin hannunsa ba. Kowace salla sai ya ba ni turmin atamfa da sukari in kai mata, ita kuma kafin in gama shan ruwa ta aika da su maƙwabta. Shi kuwa hanyarsa ta ratsa Tirmini sau biyu a mako, bai taɓa karya kan mota ya shiga gari ba. Masu shiga motarsa sun ce duk surutunsa, da ya hango garin sai ya yi tsit har sai ya wuce. In na taɓo masa maganar sai ya hau ni da faɗa, wai shi ya kawo macijin? Haka Baffanku yake, kunya in ta cika masa ciki da faɗa take fitowa.

Daga baya ciwon suga ya taɓa masa ido har ya daina gani, matarsa ta rasu, bai kuma bar baya ba, sai ya dawo gidana a unguwar Kara-Kara da tabarmarsa da motarsa. Muka tura ta gindin bishiya, ta zauna shekara goma sha ɗaya. Kaji suka yi ƙwai a kujerar baya, tayoyi suka nutse a ƙasa. Masu saye sun zo ba ɗaya ba ba biyu ba, har da wani Bakano mai tara tsofaffin motoci da ya yi ta zarya, Lawali ya ce ko ƙusa ɗaya ba zai sayar ba. Na ɗauka son abin duniya ne irin na tsofaffi, har ina yi masa ba'a cewa ya rubuta wasiyya a binne shi da ita.

A shekarar da nake ba ku labari, damina ta faɗi da wuri. Wata safiya muka dawo daga jana'izar wani tsohon abokinsa na tasha, sai ya ƙi shiga ɗaki, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma kusa da motar. Ya daɗe yana shafa ƙofarta sannan ya kira ni.

"Isufu, motar nan za ta tashi?"

Na yi dariya na ce da wace ƙafa. Shi bai yi dariya ba.

"Ina so ka kai ni wurin Yaya, a cikinta. In tsayar da ita a ƙofar gidan, in ta kore ni ta kore ni, in ta yafe mini ta yafe mini. Ba na so in kwanta da wannan a wuyana."

Na ce masa in don wannan ne mu tafi tasha yanzu, Tirmini ai ba nisa, kafin shayi ya huce mun isa. Ya girgiza kai, ya ce ba shi kaɗai ta kira ranar nan ba, mota ta kira, kuma motar da ta kira ita za ta je. Na gane, ban ƙara musu ba. Na buga wa Sale salula, wanda lokacin ya zama magidanci shi ke riƙe da uwarsa, na gaya masa. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce da ya faɗa mata sai ta ce a gaya masa hanya ba ta ƙaura ba. Wanda ya san Habsu ya san wannan amincewa ce. Sale ya tambaye ni yaushe za mu zo, ni kuma da bakin bakanike na ce Juma'a ta sama.

Aikin bai ba ni wahala kamar yadda na zata ba. Injin irin waɗannan motoci ba ya mutuwa, barci yake yi. Na sauke tanki na wanke tsatsa, na gyara birki, na samo tayoyi na hannu da batir a wurin tsofaffin abokan aiki. Kwana goma ba su cika ba ta yi tari sau uku ta tashi, ina ɗura mata mai daga kwalba da hannu. Lawali yana zaune a tabarma, da ya ji muryarta sai hawaye suka zubo masa, ya ce hayaƙi ne. Abu ɗaya ya rage, tiyon mai. Daga tanki mai yana bin bututun ƙarfe a ƙarƙashin mota, amma da ya iso wurin inji dole a sa na roba mai lanƙwasa, domin inji yana rawa, ƙarfe kuma karyewa zai yi. Guda biyu ne gajeru, ɗaya ya kai mai pampo, ɗaya ya ɗauka daga pampo zuwa karbireta, kuma wannan na biyun a gefen wuri mafi zafi yake wucewa. Na asali sun bushe, da na taɓa su suka farfashe a hannuna. Na zagaye masu kayan mota na Damagaram kaf, wasu ma dariya suka yi mini, wani yaro ya ce ubansa ne ya san wannan mota. Na ce to, ni zan haɗa da kaina a gida.

Haɗawar ba wani abu ba ce ga wanda ya sani. Tsofaffin tiyon suna da bakin tagulla a kowane gefe, shi ne ba a samu. Sai ka yanke zoben da ya matse shi da zarton ƙarfe a hankali, kada ka ji wa tagullar ciwo, ka zare bakin, ka goge shi har ya yi haske. Ka auna tsawo da igiya, ka bar masa sassauci yadda in inji ya girgiza ba zai ja shi ba. Ka yanka sabuwar roba da wuƙa mai kaifi, yanka ɗaya a miƙe. Ka tsoma bakinta a ruwan zafi ta yi laushi, ka tura tagullar har ta zauna, ka ɗaure da kwaliye, wato zoben ƙarfen nan mai noti. Wanda zai bi gefen zafi na saka masa rigar waya da na zare daga tsohon. In ka gama ka toshe gefe ɗaya, ka hura iska da pampon keke cikin bokitin ruwa, in ba kumfa to ba ɓula. Duk wannan aikin yini ɗaya ne. Abin da ya cinye mana damina shi ne wata ƙa'ida tawa.

Maigidana na gareji, wani Babarbare Malam Bukar, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini ita. Ya ce duk robar da mai zai bi ta cikinta, a yanki guntu kamar tsawon yatsa a jefa a kwalbar mai a toshe, ya yi Juma'a uku. In ya fito yadda ya shiga a sa, in ya kumbura ko ya ƙage a zubar. Ido ba ya gane robar kirki, mai ne ke gane ta. Sau ɗaya na karya wannan ƙa'ida ina saurayi, an matsa mini lamba na sa wa wata mota tiyon da ban jiƙa ba. Bayan wata guda ta kama wuta a hanyar arewa. Direban ya tsira, amma hannuwansa biyu suka naƙasa, yatsun suka manne da juna. Ya rayu shekaru yana zuwa gareji muna gaisawa, kullum sai ya miƙo mini wannan hannun, bai kuma taɓa sanin ni na sa tiyon ba. Tun daga ranar ban sake tsallake ko Juma'a ɗaya ba, ko minista ne ke jira.

Roba ta farko a kasuwa na saye ta, wurin wani Bakano mai daɗin baki da ya rantse mini ta mai ce. Na jefa guntu a kwalba na ajiye a bayan randa. Uwarku Mariyama ta tada ƙura, ta ce na kawo mata esansi, wato fetur, kusa da murhu, na kuma ɓata mata tukunyar shayi da dafa roba, ta ce in gidan ya ƙone ta san wanda za ta nuna. Na mayar da kwalbar ɗakina. Kwana tara na ciro guntun ya kumbura ya yi laushi kamar hanjin rago. Man da ake sayarwa a kwalabe bakin titi yana da ci, ba kowace roba ke jure masa ba. Na buga wa Sale na ce a ƙara mana kwanaki. Ta biyu wani abokina ya ba ni, ya ce a injin ban-ruwa yake sa ta. Ita ta yi Juma'a biyu lafiya, har na fara murna, ana saura kwana uku na lanƙwasa ta sai ta tsage. Na sake buga wa Sale. Ta uku sai da na aika Kano, aka yi mako kafin ta iso, baƙa mai kauri da saƙar zare a tsakiya. Ina riƙe ta na san ita ce, shekara arba'in ina wannan aiki. Ranar na haɗa tiyon biyu, na hura su a bokiti ba kumfa ko ɗaya, na rataye su a ƙusa a ɗakina, na jefa guntu a kwalba na fara lissafi daga farko. Lokacin gero ya riga ya fitar da kai.

Duk wannan zaman Lawali bai matsa mini ba. Kullum da safe sai ya sa farar rigarsa ta salla ya zauna kusa da motar, ya tambaye ni yaya kwalba, in ce tana nan, ya ce madalla. Sai bayan Juma'ar farko ta roba ta uku ya kira ni bayan mun sauko daga masallaci.

"Isufu, ka ce wannan mai kyau ce. Sa ta mu tafi. Tirmini ce fa, ba Agadas ba."

Na ce masa saura Juma'a biyu. Ya ce jikinsa yana ba shi wani abu, ba ya son jiran nan. Ni kuma zafi ya ɗebe ni, na faɗi maganar da har yau nake nadamarta.

"Yaya, ba zan ɗora makaho a kan wuta ba. In ta kama, ni zan gudu, kai ina za ka?"

Ban taɓa kiransa makaho ba sai ranar. Ya lalubi sandarsa, ya ce to, kai ne bakanike. Ya shiga ɗaki ya cire farar rigar. Mariyama tana tsakar gida ta ji komai. Da ta kawo mini abinci ta dire kwanon, ta ce ni tsoron wuta nake ji, shi kuma tsoron ajali, kuma a cikin biyun ta san wanda ba ya jira. Na ce mata ta tsaya ga tukunyarta. A raina kuwa na ce ai likita ya duba shi bai daɗe ba, ya ce jikinsa da sauƙi, mako biyu ba za su kashe shi ba. Shi kaɗai nake wa lissafi. Ko sau ɗaya ban kawo Habsu a raina ba, matar da ta haura saba'in tana surfe da kanta, muryarta kuma ana ji daga bakin rijiya.

Tunda na ce zan faɗi gaskiya bari in faɗe ta duka. Tsoron wuta gaskiya ne, hannun direban nan bai taɓa barin idona ba. Amma ba shi kaɗai ba ne. Tun da na ajiye aiki nake zaune ba mai tambayata komai, sai ga shi a wannan damina na tashi da asuba ina da abin yi, maƙwabta suna leƙowa suna cewa Malam Isufu zai tada matacciya. Kuma tun muna yara Lawali ke faɗa ina bi, sai ga ranar da yake zaune yana jiran bakina. Na ji daɗin wannan, Allah ya yafe mini. Na san robar tana da kyau, hannuna ya gaya mini, amma na fi son a ce ƙa'idata ba ta tanƙwaru ba ko don ɗan'uwana.

Ranar Laraba da hantsi, saura kwana biyu Juma'a ta uku ta cika, salula ta yi ƙara ina wanke hannu. Sale ne. Ya ce zazzaɓi ya kama Yaya Habsu kwana uku da suka wuce, irin na ƙarshen damina, sun ɗauka zai sauka, ta cika bayan sallar asuba. Za a yi sutura kafin azahar. Na sauke salular daga kunne. Lawali yana tabarmarsa, kunnensa ya fi idon kowa, ya riga ya ji. Ya yi salati sau uku, sannan ya ce da murya ƙasa-ƙasa in sa tiyon. Na ciro su daga ƙusa na ɗaura. Na duba agogo don kaina, kwata ɗaya na awa bai cika ba na gama. Mariyama ta shiga baya tana kuka, Lawali ya zauna gaba da farar rigarsa, na tada mota muka fita daga Kara-Kara yara suna bin mu da ihu, su a ganinsu abin murna ne.

Muka kama hanyar Tirmini. Gero ya nuna, wasu har sun fara yanka, dammuna a jere bakin gonaki. Lawali ya ɗora tafin hannunsa a gaban mota yana sauraron inji, ni kuma ina ta shaƙar iska ko zan ji warin mai, ban ji ba. Da muka iso Tirmini na karya kan mota muka bar kwalta, sai na ga ya damƙe ƙofa da ƙarfi. A ƙofar gidan Habsu da can akwai dangar awaki da ta cinye rabin hanya. Na tarar an janye ta gefe, an bar fili sharare daidai tsayuwar mota, sai na tsaya a wurin ba tare da na yi tunanin komai ba. Ina kashe inji ana fitowa da makara. Na riƙe hannun Lawali na kai shi sahu, muka sallace ta, muka raka ta. A bakin kabari ya durƙusa ya lalubi ƙasa ya zuba da hannunsa, bakinsa yana motsi, ban ji abin da ya ce ba kuma ban tambaya ba.

Bayan mun dawo aka zauna zaman makoki a ƙofar gida, dattawan gari a kan tabarmi, motar tana tsaye a gefenmu kowa yana satar kallonta. Sale ya zo ya durƙusa gaban Lawali. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Kawu, tun ranar da aka ce za ku zo ta sa na janye dangar nan. Kowace Juma'a sai ta sa an share wurin, ta yi fura ta ajiye, ta zauna a zaure har la'asar. Da zazzaɓin ya yi tsanani na ce in kira ku, ta hana, ta ce ta taɓa kira sau ɗaya. Me ya tsayar da ku?"

Na buɗe baki zan yi magana. Wallahi na buɗe. Sai na ji hannun Lawali a gwiwata, ya matse ta har sai da na ji zafi.

"Ni ne, Sale. Mota ta daɗe da tashi. Zuciyata ce ta yi ta ja da baya."

Dattawa suka yi ta gyaɗa kai, wani ya ce Allah ya kyauta, na ji wani a baya yana cewa Lawali dai har yanzu Lawali ne. Sale ya dube shi ya daɗe, sannan ya tashi. Ni kuwa ina zaune, hannuwana suna warin mai, na rufe bakina. Daga wannan tabarma maganar ta tashi ta zagaye dangi har ta iso kunnenku.

Bayan sadakar uku muka kamo hanyar gida. Mun bar gari kaɗan ya ce in tsaya. Na sauka gefen hanya, ya ce in buɗe kapo, murfin inji, in kawo shi. Na kama hannunsa na kai wurin, ya bi tiyon da yatsunsa daga pampo har karbireta, ya taɓa kowane kwaliye, sannan ya kai yatsun hancinsa ya shinshina.

"A bushe yake. Hannunka bai mutu ba, Isufu."

Da zagina ya yi da na iya ɗauka. Na zauna a ƙasa bakin kwalta, tsoho da furfura, na yi kuka irin wanda ban yi ba a maƙabarta. Da na samu murya na tambaye shi don me ya yi wa Sale ƙarya, don me bai bar ni na faɗa ba. Ya ce shi an riga an san shi, ƙarin laifi ɗaya ba zai canza masa suna ba. Ya ce yaron nan ubansa ya tafi, uwarsa ta tafi, kawu biyu gare shi a duniya, a bar masa ɗaya da zai iya shiga gidansa da farin ciki. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa ba muddin yana raye, sannan ya ce in rufe kapo rana tana yi.

Ya ƙara shekara uku a gidan nan. Bai sake shiga motar ba, bai sake tada maganar ba, bai kuma canza mini fuska ba ko sau ɗaya. Ni ne na kasa haɗa ido da shi, shi da ba ya gani. Da ya rasu Sale ya zo jana'iza ya tsaya a sahun baya, ana shafa fatiha ya koma Tirmini, ko ruwa bai sha ba. Amma ni kowace kaka sai ya ɗoro buhun gero ya kawo mini da kansa, ya durƙusa har ƙasa, ya ce Kawu ga na tuwo, kai ne ka rage mana. Shekara shida ina karɓa, ina sa masa albarka, ina cin tuwon. Alkawarin da na yi wa Yaya ya ƙare ranar da aka binne shi, abin da ya biyo baya tsoro ne kawai, tsoron ranar da Sale zai dube ni yadda ya dube shi.

Don haka wannan babi ba naku ba ne ku kaɗai. In kun karanta, ɗayanku ya hau mota ya je Tirmini ya zauna da Sale ya karanta masa, tun daga farko, kada a tsallake komai. Gero ya kusa nuna, kuma ba na so buhun bana ya shigo gidan nan kafin ya ji.